Lablabi ko karantika: wanne za ki fara yi da bagaruwar Makka?

Ƙanwata ce ta kira ni kwanakin baya. Surukarta ta dawo daga Umra, kuma a cikin tsarabar da ta ba ta har da kilo biyu na bagaruwar Makka, amma ɗanya, ba gasasshiyar nan da yara ke cika aljihu da ita ba. Ta ce, "Yaya, na sa guda ɗaya a baki, kamar tsakuwa. Me ake yi da ita ne?" Na ce mata ta adana ta da kyau, domin abin da ke hannunta shi ne karin kumallon miliyoyin mutane daga Tunis ta Tunisiya har Tanja ta Maroko.

Mu a nan gasasshiyar muka sani, wadda alhazai ke haɗowa da dabino da zamzam. Larabawa na kiranta hummus, 'yan'uwanmu na Sudan kuma su ce kabkabe, suna dafa ta a yi buɗa-baki da ita cikin azumi. Sunan kawai ta haɗa da bagaruwar majema, ita dangin wake ce, kuma in kika dube ta da kyau gujiya ta fi kama da ita. A Arewacin Afirka akwai abinci iri biyu da ake yi da ita waɗanda na fi so, kuma su ne na ga za su yiwu a madafinmu: lablabi na Tunisiya da karantika ta Aljeriya. Duka biyun abincin titi ne, na ɗalibai da leburori da direbobi. Amma aikinsu ya sha bamban, kuma wanda ya dace da wani gida ba lallai ya dace da wani ba.

Lablabi na fara sani, a zaman da na yi a Tunis. Sanyin can a watan Janairu da ruwan sama yake zuwa, ya ratsa ƙashi. Da sassafe za ki ga shago ɗan ƙarami, tururi ya rufe gilashinsa, mutane sun yi layi. Kina shiga mai shago zai miƙa miki kwanon ƙasa mai zurfi da gutsuren burodin jiya, wanda ya riga ya bushe. Ke za ki zauna ki gutsuttsura shi da hannunki, ƙanana ƙanana, kamar yadda ake yi wa gurasa in za a yi bandashe. Ranar da na fara zuwa, wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙa kwanona ya girgiza kai, ya nuna min da yatsunsa cewa in ƙara ƙanƙanta su, don manyan gutsure ba sa shan romo har ciki. In kin gama sai ki mayar da kwanon. Mai shago ya zuba ludayi biyu na bagaruwar da ta dahu luguf tare da romonta, ya barbaɗa kammun, wani kayan ƙamshi da Turawa ke kira cumin, ya sa cokalin harisa, wato niƙaƙƙen yajinsu, ya tsiyaya man zaitun, ya fasa ƙwai mai ruwa-ruwa a kai. Mai ɗan hali ya ce a ƙara masa kifin tuna da 'ya'yan zaitun da lemon tsami da aka tsuma a gishiri. Sai a ba ki cokula biyu, ki riƙe ɗaya a kowane hannu ki yi ta juyawa har komai ya haɗe ya yi kauri kamar fate. Idan aka gama juya shi ba abin kallo ba ne, amma cokali uku za ki ji gumi ya fara tsattsafowa.

Sunan daga Turkanci ya fito. A wurin Turkawa, leblebi ita ce gasasshiyar bagaruwa, wato ainihin wadda muke karɓa tsaraba, kuma Tunis ta shiga hannun Turkawan Santambul tun 1574. Akwai masu yin sa da romon ƙafar sa, wanda suke kira hargma, a garin Binzart kuma cikin burodi ake zuba shi a ci a hannu. Harisar da ke ba shi rai kuwa niƙaƙƙen busasshen barkono ne da tafarnuwa da gishiri da kayan ƙamshi da man zaitun. Garin Nabul ya yi suna wajen yin ta, kuma a Disambar 2022 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da sunan Tunisiya.

Karantika kuwa a Wahran na ci ta, babban birnin yammacin Aljeriya da ke bakin teku. Ita da garin bagaruwa ake yin ta. A dama garin da ruwa mai yawa, a sa mai da gishiri da ƙwai, wasu su ƙara madara, ƙullun ya yi ruwa tsululu har ki ce ba zai taɓa kamawa ba. A zuba a babban tire a sa a tanderu mai zafi sosai. In ta fito, samanta ya yi ja da ɗigo-ɗigon ƙuna, ƙasanta ya kama, tsakiyarta kuma tana rawa. Mai sayarwa yana tsaye da tiren a gabansa da abin yanka mai faɗi, ya tsaga dogon burodi, ya kwaso ta da zafinta ya shafe ciki, ya barbaɗa kammun, ya tambaye ki ko a sa harisa. Kafin ki kai bakin titi takardar da aka naɗe ta ta jiƙe da mai. Wanda ya san alale zai gane ta nan take, sai dai ta fi alale laushi nesa ba kusa ba, kuma babu albasa ko attaruhu a cikin ƙullun. Duk yajin a sama yake zuwa.

Ita ma sunanta ya tona asalinta. Daga kalmar Sifaniyanci ce mai nufin abu mai zafi. Sifaniyawa sun kama Wahran a 1509, aka kore su a 1708, suka dawo a 1732, ba su bar ta gaba ɗaya ba sai 1792, sannan a zamanin mulkin Faransa talakawansu suka sake kwararowa birnin da yawa. Mutanen garin suna ba da labarin cewa sojojin da aka yi wa ƙawanya a ganuwar Santa Kurus, wadda ke kan dutse tana kallon birnin, su ne abinci ya ƙare musu sai bagaruwa, suka niƙa ta suka gasa. A birnin Aljiyas garantita ake ce mata, a Tanja da Tiduwan na Maroko kalinti, a Wujda karan. A Jibraltar, can tsallaken ruwa, kalentita ce, kuma suna ɗaukarta abincin ƙasarsu.

To wanne za ki fara? Abin da na fara tambayar ƙanwata shi ne wutar da take girki da ita, don nan ne maganar ta fi nauyi. Lablabi tukunya kawai yake so. Ki jiƙa bagaruwar da daddare, awa 10 zuwa 12, ki zubar da ruwan, ki ɗora da sabon ruwa da tafarnuwa dakakkiya. A kan gawayi ko icce ko gas, duk ɗaya ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu za ta yi laushi, a tukunyar matsi kuma minti 40 ya isa. Su can suna sa ɗan bakar soda don ta yi saurin dahuwa, mu kuma muna da kanwa, sai dai a sa ƙanƙanuwa ƙwarai, in ta yi yawa romon zai yi duhu ya ɗauki ɗanɗanonta. Kada ki sa gishiri ko lemon tsami sai ta yi laushi. Ba wani abin da zai lalace a nan. In ruwa ya ƙone ki ƙara, in ba ta dahu ba ki bar ta.

Karantika ba ta da wannan sauƙin kai. Tana son zafi daga sama da ƙasa lokaci guda, kamar digiri 200 zuwa 220, na tsawon minti 40 zuwa 45, kuma in wutar lantarki ta ɗauke a tsakiya, garin zai kwanta a ƙasa ya yi tauri, ruwa ya taso sama. Ya taɓa faruwa da ni ranar da na yi baƙi, sai dai na sauya musu abinci. Mai obin na gas ba ta da wannan fargaba. Wadda ba ta da shi za ta iya bin hanyar da ake gasa kek a gida, wato yashi a ƙasan babbar tukunya, tire a kai, garwashi a kan murfi. Yana yiwuwa, amma sai garwashin saman ya yi yawa, don jan saman nan shi ne rabin daɗinta. Karantikar da samanta bai gasu ba kamar kunun da ya sandare take.

Sai maganar gari. Ɗanyar bagaruwa tana da tauri, bilandar gida ba ta iya mata. Inji za a kai, kuma a tabbata an share shi daga barkono ko dawar da aka niƙa kafin ke, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi. Shagunan Indiyawa da na Labanawa a manyan garuruwa suna sayar da garin a leda, Indiyawa na kiransa besan. Nasu daga ƙaramar bagaruwa mai duhun ɓawo ake yin sa, ba babbar fara irin ta Makka ba, amma yana yi. Awon da nake bi shi ne kwatan kilo na gari, lita ɗaya ta ruwa, ƙwai biyu, rabin kofin shayi na mai, da gishiri. Ki dama garin da ruwan ki ajiye aƙalla awa biyu kafin ki sa sauran, hakan ne ke cire gafin ɗanyen wake. Kumfar da ta taso ki kwashe.

Akwai wani abu da masu koyar da girkin nan ba sa kawowa, don su a wurinsu ba matsala ba ne, wato burodi. Duka biyun an gina su ne a kan dogon burodin Faransa mai ɓawo, marar sukari. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai sun huta, shi ne burodinsu na kullum. Mu na Najeriya burodinmu yana da zaƙi da laushi, kuma in romo mai zafi ya taɓa shi narkewa yake ya zama kamar koko, ga sukari yana faɗa da tafarnuwa. A lablabi wannan babban aibi ne. Maganinsa gurasa. Gurasar da ta kwana, ko wadda aka ɗan ƙara gasawa ta bushe, tana shan romo ba tare da ta narke ba, kuma a bakina har ta fi burodin can daɗi. Ita karantika ba ta damu sosai ba, tana shiga burodin yanka in an ɗan gasa shi, ana kuma iya cinta da cokali haka nan, kamar yadda da yawa ke yi a Tanja.

Wajen auki kuwa karantika ce gaba, ba ma kusa ba. Rabin kilo na bagaruwa a lablabi mutum biyar ko shida zai ciyar. Kwatan kilo na gari kuwa yana cika tiren da za a shafa wa burodi shida zuwa takwas, saboda yawancin abin ruwa ne. Shi ya sa ta zama abincin ƙofar makaranta a Aljeriya. Bagaruwa ba a noma ta sosai a wajenmu, shigo da ita ake yi, don haka tana da tsada. Wadda ke tunanin sana'a, ko mai gida cike da yara, wannan lissafin ya shafe ta. Ga shi kuma lablabi yana jan kayan haɗi masu cin kuɗi. Man zaitun ba a maye gurbinsa da man gyaɗa a nan, don ɗanye ake zuba shi kuma ƙamshinsa ake nema. Kifin gwangwani da 'ya'yan zaitun ana iya barinsu, amma kammun da tafarnuwa da harisa da man zaitun dole ne. Karantika kuwa man gyaɗa ya ishe ta.

Harisar ba sai kin saya ba. Ki samu busasshen shambo da busasshen tattasai, ki cire 'ya'yan, ki jiƙa a ruwan zafi na rabin awa, ki niƙa da tafarnuwa da gishiri da kammun, ki zuba a kwalba ki rufe samanta da mai. Attaruhu kada ya shiga, ƙamshinsa daban ne, zai mayar da abin miyar gida.

Ta fuskar ci kuma, kowanne da lokacinsa. Lablabi abincin hunturu ne, mai nauyi, wanda in kin ci da safe ba za ki nemi komai ba sai la'asar. A watan Afrilu, da zafin nan namu, ba na ba kowa shawararsa da rana. Yana kyau da sahur, yana kyau ga mai fita aikin ƙarfi. Sai dai yara ƙanana ba su cika son sa ba saboda yaji da tafarnuwa, kuma mutanenmu da yawa ba sa iya cin ƙwai mai ruwa. Wannan ba komai, a dafa shi ya yi tauri a yanka a kai. Karantika kuwa ban taɓa ganin yaron da ya ƙi ta ba, tsofaffi marasa haƙori ma tana yi musu daɗi, kuma tana shiga cikin kayan buɗa-baki kusa da ƙosai ba tare da ta cika ciki ba. Aibinta shi ne ba ta jira. In ta huce sai ta yi tauri ta rasa armashinta, ɗumame kuma ba ya dawo da ita yadda take. Dafaffiyar bagaruwa kuwa tana kwana uku a firji, kullum ki ɗebo ki tafasa ki zuba a kan sabuwar gurasa.

Za a tambaya ko wake ko gujiya za su iya tsayawa a madadinta. Na gwada lablabi da busasshiyar gujiya, ya yi daɗi ƙwarai, sai dai ta fi daɗewa a wuta kuma romonta ya fi kauri. Garin wake a karantika kuwa bai yi min ba, abin da ya fito alale ne marar kayan haɗi.

Wanda tafiya ta kai shi can zai tarar da wasu 'yan'uwan waɗannan biyun. A Biskra ta Aljeriya akwai dubara, bagaruwa da tumatir da barkono mai zafin gaske. Masu zuwa ziyara Fas za su ga ana sayar da dafaffiyarta a ƙunshin takarda da gishiri da kammun, ga kuma harira, miyar da Marokawa ke buɗa-baki da ita. Ɗalibanmu na Alƙahira sun san halabissa, wadda ake sha a kofin gilashi a bakin Nilu cikin sanyi. Duk waɗannan, wadda ta iya dafa bagaruwar lablabi ta riga ta yi rabin aikinsu.

Ƙanwata ta kuma tambayi kayan zaƙi, tunda salla na tafe. Na ce mata yawancin na titunan can suna da wahalar da ba ta kai a sha ba a karon farko. Bambaluni na Sidi Bu Sa'id a Tunisiya da sfanj na Maroko kusan fanke ne mai rami a tsakiya, wanda ta iya fanke ba sabon abu za ta koya ba. Shabbakiyar Maroko, mai riɗi da zuma, naɗinta kaɗai yini ne, kuma muna da alkaki da ke tsaye a wurinta. Zalabiyar garin Bufarik na Aljeriya sai hannun da ya saba. Makrud na Ƙairawan, garin da ɗaliban fiƙihun Malikiyya suka san sunansa, shi ne wanda zan so ta koya wata rana: tsakin alkama ne da ake cusa wa niƙaƙƙen dabino, a yanka, a soya, a tsoma a zuma, kuma yana makonni bai lalace ba.

Amma akwai guda ɗaya da ya dace da abin da ke hannunta, kuma ta riga ta san shi ba tare da ta sani ba. Girebar da muke yi wa amare, sunanta daga guraiba ta Larabawa ya zo, kamar yadda gurasa da alkaki da alkubus suka biyo ayarin fataken Tarabulus da Gadamas zuwa Kano. A Tunisiya, in ƙaramar salla ta zo, da garin gasasshiyar bagaruwa suke yin tasu. A haɗa shi da ɗan fulawa da niƙaƙƙen sukari da narkakken man shanu, a murza ya zama dogo, a yanka a karkace, a gasa a wuta marar ƙarfi don kada ta yi ja. Tana narkewa a baki, da ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa. A nan ne gasasshiyar tsarabar alhazai ke da amfani, in dai ba mai gishiri ba ce: a murje ɓawon, a niƙa, a tankaɗe. Ita kam ba ta yin lablabi ko karantika, duk daɗewar da za ta yi a ruwa.

Ni dai in aka ce in zaɓa wa mai farawa, lablabi zan ce, ko da tana da obin. Dalilina shi ne a cikinsa ne za ta san bagaruwar kanta, yadda take kumbura ta ninka in ta sha ruwa, lokacin da take laushi, da yadda kammun ke tashi da ita. Kuskure a cikinsa gyaruwa yake, kuma ba a asarar ko ƙwaya ɗaya ta abin da aka sayo da tsada. Karantika ta fi dacewa da wadda ke da wutar da ta amince da ita, ko take da bakuna da yawa da za ta ciyar, ko take neman abin sayarwa da babu mai yin irinsa a unguwarsu. In sana'a ce ma, ba na ko tantama, karantika ce, a fito da tire da zafinsa daidai lokacin tashin makaranta.

Ƙanwata da gawayi da ƙaramin gas take girki, ba ta da obin. Na ce ta jiƙa rabin kilo daren Juma'a, ta aika a sayo gurasa tun ranar don ta kwana, Asabar da safe su ci lablabi ita da maigidan. Rabin kilo kuma ta soya shi sama-sama a kasko ba mai, ta kai inji, ta ajiye garin don girebar salla. Sauran kilo ɗayan ta zuba a roba mai murfi ta sa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari, in na zo hutu za mu kai rabinsa inji mu gwada karantikar a tukunyar yashi tare.